Zane a Kan Ɗanyen Yaɓe: Yadda Ake Firesko, Daga Kwaɓi Zuwa Launi

Mako shida na yi a birnin Fulorans na Italiya kafin a bar ni in taɓa buroshi. Na je ne da tunanin ni mai zane ne, sai tsohon da na zauna a wurinsa ya miƙo mini rariya, ya nuna mini tulin yashi a bayan ɗaki. Tankaɗe, wanki, shanya, kwaɓi, haka na yi ta yi har tafin hannuna ya yi kanta. A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne irin na masu gida. Sai daga baya na gane cewa kashi uku cikin huɗu na firesko aikin magini ne, kuma wanda ya raina kwaɓi zanensa ba zai kai shekara a bango ba.

Firesko kalmar Italiyanci ce, ma'anarta ɗanye ko sabo. Zane ne da ake yi a kan yaɓen bango tun bai bushe ba, da garin launi da aka niƙa da ruwa zalla. Babu mai, babu ƙaro, babu gam. To me ke riƙe launin? Yaɓen ne da kansa. Ana yin sa da abin da Italiyawa ke kira kalce, wato dutsen farar ƙasa da aka toya a wuta mai zafin da ya kai digiri 900, sannan aka jiƙa shi da ruwa ya zama farin kulli. Idan aka shafa shi a bango, yana bushewa yana shan iskar kabon da ke yawo a sarari, a hankali ya sake komawa dutsen da aka toya tun farko. Launin da ka ɗora kafin hakan ta faru sai ya daskare a cikin fatar dutsen. Shi ya sa zanen da Giotto ya yi a ɗakin ibada na Scrovegni a Paduwa wajen shekarar 1305 yake nan har yau. Fentin da muke saye a gwangwani riga ce aka sa wa bango, ana iya tuɓe ta. Firesko kuwa jikin bangon ne.

Kada ka fara da bango. Wannan ita ce shawarata ta farko, kuma na san ba za a bi ta ba, don ni ma ban bi ba. Nemi faffaɗan tayil na jar ƙasa toyayye wanda ba a yi wa santsi ba, ko jan bulo, abin da bai wuce faɗin littafin makaranta biyu ba. A kansa za ka koyi duk abin da bango zai nema daga gare ka, kuma idan ya lalace kankarewa kawai za ka yi ka sake.

Maganar kalce tukuna, domin a nan mutane suka fi yin asara. Ba siminti ba ne, ba kuma farin garin da ake yin silin da shi ba ne. Waɗannan biyun suna ɗauke da gishirin da zai feso daga baya ya cinye zanen. Haka nan ba farar ƙasar da mata ke shafe ɗaki da ita ba ce, duk da sunan ya yi kama, domin waccan ba a toya ta ba, ba za ta daskare ba. Abin da kake nema shi ne toyayyen dutse da aka kashe da ruwa aka bar shi ya kwana. Da na ce kwana, ba dare ɗaya nake nufi ba. Pliny, wani marubucin tsohuwar daular Rum, ya rubuta cewa tsofaffin dokokin gini na Rum sun hana amfani da kalcen da bai shekara uku a jiƙe ba. A wurin malamina akwai rami mai murfin katako, kullin da ke ciki ya fi ɗansa na ƙarshe shekaru, in ka yanka shi da cokalin magina sai ka ce man shanu ne. Daɗewar ce ke sa ƙwayoyinsa su yi laushi, ya riƙe ruwa, ya shafu ba gardama.

Idan ba ka samu irin wannan ba, sayi garin kalce da aka riga aka kashe, wanda ake sayarwa a buhu. Zuba ruwa a duro na roba, ka riƙa barbaɗa garin kana juyawa har ya yi kaurin kindirmo, ka tace, ka bar ruwa kamar yatsa uku a samansa, ka rufe. Ruwan nan shi ne mai gadi, muddin yana nan iska ba za ta taɓa kullin ba. Wata guda ya isa gwaji, wata shida ya fi, shekara ta fi wata shida. Wanda kuma ya samu toyayyen dutsen da ba a kashe ba ya yi hattara ƙwarai: yana haɗuwa da ruwa zai tafasa ya yi tsartuwa, kuma dutsen ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba ruwa ake kwarara wa dutse ba. Ko wanda ya kwana ma yana cin fata. Sa safar hannu ta roba, sa tabarau mai rufe gefe. Idan ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a nufi asibiti, ba a jiran a gani. Ni nakan ajiye ruwan binega da aka sirka a kusa, in wanke hannu da shi bayan aiki.

Yashi kuma na kogi ake so, mai kaifi, wanda in ka murza shi a tafin hannu za ka ji yana ƙara. Na bakin teku akwai gishiri, a bar shi. Zuba ɗan kaɗan a kwalbar ruwa ka girgiza. Idan ruwan ya yi jawur ya ƙi washewa, akwai laka, sai ka wanke har ruwan ya fito garau. Ka shanya ya bushe ƙarau, domin jiƙaƙƙen yashi yana ruɗin awo. Sai ka tankaɗe shi gida biyu, mai tsakuwa da mai laushi.

Yaɓen hawa uku ne a bango. Na farko mai kaushi ne, kalce awo ɗaya, yashi mai tsakuwa awo uku, ana watsa shi da ƙarfi don ya kama bulo. Na biyu shi ne aricco, kalce ɗaya yashi biyu, kaurinsa kamar santimita ɗaya, ana barin fuskarsa da kaushi don na gaba ya samu abin riƙewa. Na uku shi ne intonako, wanda ake zanen a kansa, kalce ɗaya da yashi mai laushi ɗaya ko ɗaya da rabi, kaurinsa milimita uku zuwa biyar. A kan tayil ɗin gwaji kana iya tsallake na farko. Tsakanin kowane hawa a bar kwanaki, kuma kafin a ɗora sabo a jiƙa na ƙasa sosai tun daren jiya, a sake yayyafawa da safe. Busasshen bango ɓarawo ne, zai tsotse ruwan sabon yaɓe kafin ya kama.

Akwai wani abu game da kwaɓin da ba wanda ke yarda sai ya gani. Lokacin da ka haɗa kulli da busasshen yashi, zai yi kamar ba zai taɓa haɗuwa ba, hannunka zai kai ga bokitin ruwa. Kada ka ƙara. Ci gaba da sara da dannawa da cokali, bayan minti goma ko sha biyar zai saki da kansa ya yi laushi. Ruwan da ka ƙara don sauƙi shi ne zai fita gobe ya bar maka tsaga, kuma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren danshi ne.

Yayin da aricco ke bushewa, zanen ya kamata ya kammala a takarda, da girmansa na ainihi. A kan ɗanyen yaɓe ba a tsayawa tunanin ina hannu zai koma ko wane launi ya dace. Masu zanen zamanin da sukan zana hoton gaba ɗaya a kan aricco da jar ƙasa, suna kiran wannan sinopiya, daga sunan garin Sinop da ke gaɓar Baƙin Teku a Turkiyya ta yau, inda ake kawo jar ƙasar. Da yake intonako na rufe shi, ba a tsammanin kowa zai sake ganinsa. Amma a 1944, lokacin yaƙi, gobara ta cinye rufin Camposanto, tsohuwar maƙabartar Pisa mai zanuka a bango, aka ɓamɓare zanukan don a cece su, sai ga sinopiyoyin a ƙasa. Yanzu suna da gidan tarihi nasu a Pisa. Na yini guda a can, kuma in faɗi gaskiya sun fi burge ni fiye da zanukan da aka gama, domin a cikinsu kana ganin mutum yana gyara kuskurensa, yana ɗaga kafaɗa, yana sauya wa doki wuya.

Hanyar da ta fi sauƙi gare ka ita ce ta huda takarda. Shimfiɗa zanen a kan bargo, ka bi layukansa da basilla kana hudawa, tsakanin huda da huda kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Ƙulla garin gawayi ko jar ƙasa a ɗan ƙyalle mai shara-shara. Idan lokaci ya yi, za ka ɗora takardar a kan ɗanyen intonako ka riƙa bubbuga ƙullin a kan layukan, ka ɗaga, sai ga zanen a ɗige-ɗige.

Launi ba kowane ne ke jure kalce ba, domin yana da kaifi irin na kanwa, har ya fi. Waɗanda ba sa cin amana su ne na ƙasa: rawayar ƙasa, jar ƙasa, ruwan ƙasa na Siyena da na Umbiriya, ɗanye da toyayye, koren ƙasa, da baƙin gawayi. Shuɗi ne mai wuya. A yau shuɗin kobal yana yi. Shuɗin da ake kira na Purushiya kuwa kalce na kashe shi nan take ya koma ruwan ƙasa. Farin dalma yana baƙi da daɗewa, kuma wanda ya je cocin sama na Asisi zai ga zanukan Cimabue sun juye kamar tsohon nagatif na hoto, inda ya kamata a ga haske nan ne duhu. Farin firesko daga kalcen kansa ake yin sa. Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin sana'ar wajen 1400, ya bayyana yadda ake cura shi ƙanana a shanya a rana a niƙa, ana kiransa farin San Jobanni. Kafin ka amince da kowane gari da aka sayar maka, cakuɗa ɗan kaɗan da kulli a murfin kwalba ka bar shi kwana uku ka gani.

Niƙa kowane launi da ruwa mai tsabta a kan gilashi mai kauri har ka daina jin tsakuwa. Haɗa duk abin da za ka buƙata tun jiya, kowanne a kofinsa, mai duhu da matsakaici da mai haske, kuma ka haɗa fiye da yadda kake zato. Dalili shi ne launin firesko yana haske ƙwarai in ya bushe, musamman wanda aka sa wa fari. Idan na yau ya ƙare ka haɗa sabo gobe da ido, bayan wata guda za ka ga rigar mutum ɗaya kala biyu. Nakan ɗiga kowane haɗi a kan busasshen bulo, ya tsotse ruwan cikin minti ɗaya, in ga kusan yadda zai koma.

Batun buroshi, gara in faɗa tun yanzu: na gargajiya a Italiya da gashin alade ake yin manyansa. Da na tambaya aka gaya mini, sai na koma na gashin akuya da na roba masu laushi da dogon baki, kuma ban ga abin da na rasa ba. Abin da ake so shi ne buroshi mai ɗaukar ruwa wanda ba ya karce yaɓe.

Ranar zane da asuba take farawa. Jiƙa aricco, shafa intonako sau biyu sirara, ka daidaita da katakon shafe kana zagayawa, sannan ka bi da cokalin ƙarfe a hankali. Kada ka yi ta gogewa har ya yi ƙyalli, domin hakan na toshe ƙofofin da launi zai shiga. A bango ba a shafa sai iya abin da za a iya zanawa a yini ɗaya. Wannan yankin shi ake kira jornata, wato aikin yini. Ana farawa daga sama a gangaro don kada ɗigo ya ɓata abin da aka gama.

Sai jira, wajen rabin sa'a ko fiye, gwargwadon yanayi. Danna da yatsa: idan ya lotsa, da saura. Ja buroshi mai ruwa: idan ruwan ya tsaya yana ƙyalli ko farin kalce ya biyo gashin, da saura. Idan bango ya shanye cikin 'yan daƙiƙu, bismillah.

Launin ya zama ruwa-ruwa, kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ana shafawa sau ɗaya a wuce, a ba shi 'yan mintoci ya shiga, a dawo a ƙara. Duhu ana gina shi ne hawa-hawa, ba a ɗora shi da kauri lokaci guda. Wanda ya tsaya yana murza wuri ɗaya zai tayar da kalcen, launin ya yi toka-toka. A sa'o'in farko bangon yana sha a hankali. Can wajen tsakiyar aiki akwai wani lokaci da ban san yadda zan kwatanta shi ba sai dai in ce bangon yana jin ƙishirwa: duk abin da ka ɗora yana karɓa nan take, layi yana fita tsaf. Fuska da hannu da duk wani abu mai wuya, wannan lokacin ake ajiye wa. Bayan sa'a shida zuwa takwas sai ka ji buroshi ya fara ja, launi yana zama a sama. To an rufe. Duk abin da ka ƙara bayan nan zai yi kyau yau, amma in ya bushe da yatsa za ka share shi.

Na taɓa ƙin yarda da wannan. Wani ganyen inabi ne ya rage mini, na ce ai minti goma ne. Bayan sati uku tsohon ya zo ya sa soso mai ruwa ya shafa sau ɗaya, ganyen ya bi soson, sauran zanen ko gezau. Bai ce mini komai ba, ya miƙo mini cokali.

Da yamma sai ka ɗauki wuƙa ka yanke duk intonakon da ba ka zana ba, yankan a karkace, don na gobe ya hau kansa ya haɗe. Ana dabara a sa wannan gaɓar ta bi gefen riga ko layin gini inda ido ba zai kama ba. Masu gyaran tsofaffin zanuka da fitila suke haska bango daga gefe su ƙirga gaɓoɓin, su san kwana nawa mai zane ya yi da kuma inda ya fara. Da haka ake karanta rufin ɗakin ibada na Sistin a Batikan, da Michelangelo ya zana tsakanin 1508 da 1512, wanda shi ma a farkon aikin fumfuna ta feso masa saboda kwaɓin ya yi ruwa. Kuskure babba ba shi da magani sai a sare wurin a sake yaɓe. Ƙananan gyare-gyare ana iya yi bayan wata guda da launin da aka haɗa da ƙwai, ana kiran wannan sekko, amma shi ne farkon abin da ke zubewa. Leonardo da Vinci bai son gaggawar ɗanyen yaɓe, sai ya yi babban zanensa na jibin ƙarshe, wato cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa, a Milan a kan busasshen bango a shekarun 1490, kuma tun yana raye ya fara ɓarewa.

Wani zai ce duk wannan tarihi ne, wa ke ci da shi yanzu? Akwai. Ben Long ba'amurke ne, an haife shi a 1945, ya tashi a Karolina ta Arewa, ya yi aikin soja a Biyetnam, sannan ya tafi Fulorans ya zauna shekaru a hannun Pietro Annigoni, wanda duniya ta fi sani da hoton Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Da ya koma gida ba manyan gine-gine ya fara samu ba. Wasu ƙananan coci biyu na katako a cikin duwatsun gundumar Ashe ne suka ba shi wuri, na farko a 1974, na Glendale Springs a 1980, inda mutanen ƙauyen suka zauna masa ya zana fuskokinsu. Daga nan masu ziyara suka fara tururuwa, har a 1992 ya yi manyan zanuka uku a zauren hedikwatar wani babban banki a birnin Charlotte. Abin lura a tafiyarsa shi ne yakan yi aiki ne da ayarin almajirai masu niƙa da masu kwaɓi, kamar yadda Diego Rivera, mai zanen bango ɗan ƙasar Meziko, ya yi a birnin Ditiroit na Amurka a 1932 da 1933. Wanda ke son ya mai da firesko sana'a, ta wannan ƙofar ake shiga, ta bokiti. Kuma sai ya koyi magana da masu gini tun ana aza tubali, domin mai zanen allo yana gamawa ya nemi mai saye, shi kuwa sai an ba shi bango kafin ya fara.

Da na dawo gida na gwada, abu biyu na tarar. Na ɗaya, hunturu maƙiyin wannan aiki ne. Iskar da ke busar da wanki cikin sa'a guda haka take yi wa intonako, sa'a bakwai ɗin Fulorans ta koma uku, kuma yaɓen da ya bushe da sauri bai samu damar daskarewa ba, sai ya yi gari. Yanzu nakan rufe tagogi, in rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a ɗakin, in rage girman jornata, ko in jira damina. Na biyu, na daina ganin abin baƙo ne ƙwarai. Maginan Zariya da Kano da Damagaram da ke fitar da dagi a fuskar soro su ma da ɗanyen yaɓe suke tsere, kuma wanda ya san yadda ake haɗa laso da katsin marina ya san cewa kwaɓi ba a yi masa gaggawa. Kayan ne suka bambanta. Amma kada ka ɗora kalce kai tsaye a kan filastar siminti ko bangon da ke jan ruwa daga ƙasa. Idan ka ga farin gishiri a gindin bango, nemi wani bangon.

Tayil ɗinka na farko, zaɓi abu mai sauƙi: ganye uku, ko tulu, ko dagi, da launi huɗu kacal. In ka gama, jingine shi a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, kada rana ta taɓa shi. Kwana biyun farko zai yi dabbare-dabbare har ka ce ya lalace, ka ƙyale shi. Bayan sati huɗu ka jiƙa soso ka goga a kusurwa ɗaya, ka duba soson. Idan ya fito fari, ka kwaɓa na biyu. Idan ya fito da launi, ka tuna ƙarfe nawa ka zana wannan kusurwar, ka rubuta a bayan tayil ɗin.